Fasfo Biyu a Kan Faranti

Ɗakin da aka turo mini hotonsa tun ina Kano ba shi na tarar a unguwar Moss Side ta Manchester ba. Na cikin hoton yana da babbar taga da labule. Wanda aka buɗe mini yana can sama ƙarƙashin rufi, in zan miƙe sai na sunkuyar da kai, bangonsa kuma ya yi baƙi da danshi. Na ce wa mai gidan ai ba wannan ba ne. Ya ɗaga kafaɗa ya ce wancan an riga ni. Na zauna a kan akwatina na yi kukan da ya samu, sannan na tashi na nemi alƙibla.

Sunana Rukayya. Na je Manchester ne karatun digirin dakta a kan ciwon sikila, kuma ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Ƙanwata Zainabu sai da ta shekara huɗu tana ciwo kafin a gane abin da ke damunta, ba ta kuma kai goma a duniya ba. A Ingila jariri yana kwana biyar ake ɗiban ɗigon jini a diddigensa a gwada, in yana da ciwon a fara kula da shi tun bai fara rarrafe ba. Wannan aikin na je koyo, da niyyar in dawo in kafa shi a gida. Na faɗa wa mahaifiyata, na faɗa wa malamina Farfesa Garba, na faɗa wa duk wanda ya tsaya ya saurare ni. Ni mai yawan faɗar abin da zan yi ce, wannan kowa ya shaida.

Wata tsohuwa 'yar Jamaika da ke gidan kusa da namu, Mama Joyce, ita ta fara riƙe ni. Ta gan ni ina shanya bargo a katanga cikin yayyafi, ta tsaya tana kallona kamar ta ga sabon abu. Ita ta koya mini buɗe taga kowace safiya komai sanyi saboda danshi, ta nuna mini bas ɗin da zan hau, da shagon da ake samun kuɓewa da busasshen kifi. Ran da na yi zazzaɓi ta kawo mini miya a kwano, ta ce babu naman da ba na ci a ciki, sai da ta tambaya kafin ta dafa. Kewar gida kuwa ba a magana. Akwai ranar Juma'ar da na ji wani yana waya da Hausa a bas, na wuce tashata biyu don kawai in ci gaba da ji, alhali faɗa yake yi da matarsa.

A ɗakin gwajinmu na haɗu da Dakta Sudha. Ba'indiya ce, gajeriya, ba ta da yawan dariya, ta girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Ta ce in riƙa kiranta da sunanta kawai kamar yadda kowa ke yi a can. Bakina ya ƙi. Ina ni ina kiran babba da suna gatsal? Da ta gaji ta ce to in ce mata Didi, wato yaya a harshensu. Na ce ai wannan mun san shi tun muna yara a fina-finan Indiya. Ranar ce na fara ganin haƙorinta.

Ita ma a kan sikila take bincike. Ban taɓa sanin akwai ciwon a Indiya ba sai da ta gaya mini cewa a yankinsu, can tsakiyar ƙasar, akwai ƙauyukan da kusan kowa ya san gidan da ya binne yaro saboda shi. Tana da wata ɗabi'a da ta dame ni da farko. Komai aka yi a ɗakin gwaji sai an rubuta shi da biro a littafi mai ɗinki, a sa kwanan wata, a sa hannu. Na ce Didi, ga kwamfuta. Ta ce kwamfuta ta mai ɗakin ce, littafi naki ne.

A shekara ta uku na gane abin da take nufi. Jinin jariran da muke aiki a kai ni na ɗebo shi a gida lokacin hutu, ina bin uwaye gado-gado ina yi musu bayani har su yarda. Ni na gwada shi, ni na tsara sakamakon. Da babban malamin da ke kanmu ya rarraba rubutun da za a buga, sai na ga sunaye biyar a sama, babu nawa. Nawa yana can ƙasa a wajen godiya, kusa da na mutumin da ke gyara mana firji.

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban ce uffan ba. Haka aka rene mu, ba ka kallon malaminka ka ce ya ci haƙƙinka. Na koma Moss Side na yi ta wanke kwanukan da ba su yi datti ba. Washegari Didi ta same ni, ta ce ina littattafaina. Ta ɗauke su guda shida a hannu, ta shiga taron mako ta jera su a kan tebur, ta fara buɗewa shafi-shafi tana karanta kwanan wata da sa hannuna. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zargi kowa ba. Ba ta kai littafi na uku ba malamin ya ce ai mantuwa ce aka yi. Sunana ya koma na farko.

Da na gama karatu, Farfesa Garba ya kira ya yi mini murna, ya ce sai yaushe. A lokacin Didi ta samu nata ɗakin gwajin a Birmingham, kusa da babban asibitin koyarwa na Edgbaston, ta kuma ce in biyo ta. Na ce wa Farfesa shekara ɗaya zan ƙara in goge a aiki. Ya ce Allah ya sa albarka.

Birmingham ta yi mini daɗi, wannan ba zan ɓoye ba. Yayana Nasiru yana unguwar Sparkbrook da matarsa Anti Bilki tun da daɗewa, yana aikin harhaɗa magunguna. Na kama ɗaki layi biyu daga gidansu. Masallaci ga shi kusa, nama na halak ga shi, in ka bi Stratford Road ranar Asabar sai ka rantse wata unguwar Kano ce aka yi wa sanyi. Aiki ya karɓe ni, hannuna ya faɗa, har ɗalibai aka ba ni ina koyarwa. Shekara ɗayan nan ta zama biyu, ta zama biyar, kowace da dalilinta mai kyau.

Ina shekara ta tara a ƙasar Farfesa ya sake kira, wannan karon babu doguwar gaisuwa. Ya ce wasu masu taimako sun ba asibitinmu na'urar gwajin jarirai, tana nan cikin akwatinta, an ware ɗaki. Sharaɗin masu bayarwar shi ne a samu wanda ya iya aikin ya karɓa kafin ƙaramar Sallah, in ba haka ba su kai ta inda ake da ma'aikata. Ya ce, "Rukayya, ke kika ce mana za ki dawo. Ban san wani ba bayan ke."

Na kai wa Yaya Nasiru maganar. Ya ajiye cokali ya dube ni.

"Ke kam kina da hankali kuwa? One year ya rage miki ki cika goma ki samu settlement, takardar zama ta dindindin. Ki ƙara ɗaya, passport. Kin ga kina da biyu a hannu, ko me ya faru a gida kina da hanyar fita. Yanzu ki tafi, duk nine years ɗin nan sun tashi a banza."

"Yaya, na'urar ba za ta jira ba."

"Machine ce fa, ba mutum ba. Za a kawo wata."

Maganarsa ta shige ni, don gaskiya ita nake son ji. Na rubuta wa Farfesa cewa ina shawara. Ya amsa da kalma biyu, sai Sallah.

A daidai wannan lokacin ne na tsoma baki a abin da ba nawa ba. Didi ta shekara ashirin da biyu a Ingila da fasfonta na Indiya. Mijinta da 'ya'yanta biyu duk sun daɗe da zama 'yan ƙasa, ita kaɗai ta ƙi. Sau uku ana kiranta taron masana a wata ƙasa biza ba ta fito a kan lokaci ba, na ƙarshen ma ita ce za ta jagoranci zaman, sai wani ɗalibinta Bature ya je ya karanta aikinta. Ranar na same ta a ofis ranta a ɓace. Ni kuwa na ga abin da sauƙi.

"Didi, me ya hana ki karɓi fasfon ƙasar nan? Yayana yana da biyu. Rabin mutanenmu da ke Sparkbrook biyu gare su."

"Namu ba haka yake ba, Rukayya. Akwai wani kati da ake ba mu a madadi."

"To ai shi ke nan, da kati da fasfo duk takarda ce."

Ta buɗe baki za ta ƙara magana, na riga ta. Halina ke nan, in na ga mafita ba na tsayawa jin sauran bayani. Na yi ruwa na yi tsaki a lamarin. Ni na sauko mata da takardun cikewa, ni na riƙa yi mata tambayoyin jarrabawar zama ɗan ƙasa lokacin cin abincin rana, wane sarki ne ya yi mata shida, wace shekara aka yi kaza. Ta ci jarrabawa, ta je ta yi rantsuwa a zauren hukumar gari, bayan 'yan makonni fasfo ya iso. Na ji kamar ni aka ba.

Mu Hausawan Birmingham muna da wata al'ada da ban san wanda ya ƙirƙiro ta ba. Duk wanda fasfonsa ya fito sai a yi masa walima. A ci a sha, sannan a kawo farantin tangaran a shimfiɗa farin ƙyalle, a ɗora koren fasfon Najeriya da na Birtaniya gefe da gefe, a yi addu'a Allah ya sa a yi amfani da su a alheri, a ɗau hoto a tura gida. An yi wa Yaya, an yi wa Anti Bilki, ni ma ina jiran ranar tawa. Na ce wallahi matar da ta tsaya mini a Manchester ba za ta rasa wannan karamci ba.

Ranar Asabar bayan azahar aka taru a gidan Yaya. Anti Bilki ta yi waina da miyar taushe, ta yi alala ba kifi ba nama saboda Didi ba ta cin abu mai rai. Na sayo sambusa a Stratford Road. Didi ta zo cikin sari mai ruwan ganye, ta gaida kowa da hannu biyu a haɗe, ta ci alala har ta nemi ƙari. Na lura ba ta da walwala, na ɗauka baƙunta ce.

Aka kawo faranti. Na yi mata bayanin al'adar, ina ta murmushi. Ta buɗe jaka ta ɗora sabon fasfonta. Yaya ya ɗaga waya zai ɗau hoto, ya ce da ita cikin Turanci, "Dakta, ɗayan fa? Biyu muke sawa."

Ta dubi farantin. Sannan ta sake sa hannu a jaka ta fito da na Indiya, ta ajiye kusa da ɗayan. An datse masa kusurwa da almakashi. Ta buɗe shafin farko, ga hatimin sokewa an buga a kan hotonta.

"Makon jiya na kai shi ofishin jakadancinmu," in ji ta. "Ƙasarmu ba ta yarda da biyu ba. Ran da na yi rantsuwa a nan, ranar na daina zama 'yar Indiya. Wannan sun dawo mini da shi ne in ajiye don tunawa."

Yaya ya sauke wayarsa a hankali. Wani dattijo da aka gayyato don addu'a ya riga ya ɗaga hannu, ya rasa ko ya ci gaba ko ya sauke. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mata ta yi rashi, ni na tara mata jama'a da waina ana yi mata barka. Anti Bilki ce ta cece mu, ta ɗauke farantin ta ce a kawo shayi.

Na tsere kicin na kama wanke-wanke. Didi ta biyo ni, ta ɗauki tawul tana goge kofuna kamar gidanta ne.

"Didi, ki yafe mini. Kin fara gaya mini, ban tsaya na ji ba."

"Katin da na ce miki zai bar ni in shiga in fita, in zauna in na so," ta ce. "Amma ba zan yi zaɓe ba. Ba zan sayi gona ba. In kuma bincike zan yi, sai na nemi izini na musamman kamar kowane baƙo. Mahaifina ma'aikacin lafiya ne a ƙauyenmu, a keke yake zagayawa. Yaran da yake gani suna kumburin hannu su suka sa na karanta wannan ciwon. Yanzu in zan ɗebi jinin jariri a ƙauyen da aka haife ni, sai na cike takarda a matsayin 'yar ƙasar waje."

"Ni na ja miki."

"A'a. Kada ki ɗora wa kanki abin da ba naki ba. Shekara ashirin da biyu ina sa hannu a takardar nan kaɗan-kaɗan, ke biro kawai kika miƙo mini. Ba ni kaɗai ba ce kuma. 'Yan ajinmu da muka fi ƙoƙari, in kina nemansu ki je Amurka, ki je Jamus, ki zo nan. A gida hotunanmu ne a bango."

Ta ajiye kofi ta juyo gare ni.

"Na ji labarin na'urarku. Ki bi maganar yayanki. Ke ƙasarku ba ta sa ki zaɓa ba, ki tsaya ki karɓi takardar zamanki, sannan ki tafi. Shekara ɗaya ce kawai."

Ruwa yana zuba a hannuna, na tsaya ina kallonta.

"Didi, ke da kika zo, shekara nawa kika ce za ki yi?"

Ta ninke tawul ɗin gida biyu, ta sake ninkewa.

"Ɗaya," ta ce.

A nan na yanke shawarata, tsaye a gaban famfon Anti Bilki. Ni babu wanda zai datse mini fasfo, wannan gaskiya ne. Amma na ga ba a ofishin jakadanci Didi ta rasa ƙauyensu ba, tun kafin nan ta rasa shi, kuma hanyar da ta bi ita nake kai, har na yi shekara biyar a cikinta. Bayan wannan shekarar akwai ta fasfo, bayan ta fasfo akwai ƙarin girma, kuma na san kaina, kowace zan samo mata hujja. Ranar Litinin na kira Farfesa Garba na ce a share ɗakin. Na kai wa Didi takardar ajiye aiki. Ta karanta, ta ce ni mai taurin kai ce, sannan ta jawo kujera muka zauna muna rubuta duk abin da sabon ɗakin gwaji ke bukata, tun daga takardar ɗiban jini har safar hannu.

Yaya Nasiru ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwata. A na huɗu ya zo ɗakina ɗauke da kwali mai nauyi, ya dire a ƙofa.

"Stabilizer ce. Tunda kin ƙi ji, at least kada wutar Kano ta ƙona miki machine ɗin a sati ɗaya."

"Na gode, Yaya."

"Kada ki gode. Har yanzu ina ganin wauta kika yi." Ya juya zai tafi, ya tsaya. "Ki gaida Hajiyarmu. Ki ce mata ina nan zuwa."

Na sauka Kano saura kwana tara Sallah. Ba zan ce na tarar da sauƙi ba. Wuta ta yi mana abin da Yaya ya faɗa har da ƙari, kayan aiki sukan makale a tashar jirgin ruwa, akwai kuma uwayen da ke cewa me za a tsikari lafiyayyen jariri a kai. Na yi faɗa da masu sito, na yi faɗa da mai janareta, na koya wa ma'aikatana rubuta komai da biro. Amma na'urar tana aiki, kuma akwai yara a garin nan da ke shan maganinsu tun suna wata biyu. Ban yi nadama ba ko sau ɗaya, sai dai nakan yi kewar bas mai zuwa a kan lokaci.

Da muka cika shekara na nemi Didi ta zo ta horar da mutanena na mako uku. Ta ce izinin da ta nema na aiki a ƙauyensu bai fito ba tukuna, don haka tana da lokaci. Ta turo hoton fasfonta don a yi mata wasiƙar gayyata ta neman biza. Na zauna na buga wasiƙar da kaina, na miƙa wa sakatarenmu Malam Habu ya sa hatimi. Bai daɗe ba ya dawo da takardu biyu a hannu.

"Dakta, akwai gyara. Kin sa 'yar Indiya, fasfon kuma na Birtaniya ne. In ba su dace ba za a dawo mana da ita."

Na karɓa na duba. Gaskiyarsa. Yatsuna ne suka rubuta abin da suka sani. Na mayar da wasiƙar kan kwamfuta, na goge Indiya harafi-harafi, na rubuta Birtaniya. Karo na biyu ke nan da hannuna ya shiga wannan maganar, sai dai yanzu na san abin da nake gogewa. Na sa hannu a ƙasa, inda aka rubuta sunana da sunan garinmu. Kafin in ajiye biro wata nas ta leƙo ta ce an kawo jariran yau daga ɗakin haihuwa, uwayen suna jira. Na ce mata ga ni nan zuwa.